Dodon da 'Yan Birni Suka Ƙera

A shekarar 1972 aka saki wani fim a Amurka mai suna Deliverance, wato "Kuɓuta". John Boorman, ɗan Ingila, shi ya ba da umarni, labarin kuwa an ɗauko shi ne daga littafin da James Dickey ya wallafa a 1970. An kashe kimanin dala miliyan 2 wajen shirya shi, ya maido fiye da miliyan 40, ya shiga takarar kyautar Oscar a fanni uku, kuma a 2008 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin fina-finan da ƙasar za ta adana wa na baya. Har yau duk mai lissafa fina-finan da aka shiga daji aka gamu da masifa, da wuya ya tsallake shi. Masu yabonsa suna cewa darasi ne a kan yadda ɗan Adam yake tsira a inda doka da wayewa suka ƙare. Wannan yabo ya cancanci a ƙi shi, kuma babu inda ƙin ya fi dacewa kamar Ikara da Makarfi da Kudan. Da za a ɗauko kyamarar Boorman a kafa ta a arewacin Kaduna, mutanen waɗannan garuruwa ne za a ba rawar dodo.

Labarin gajere ne. Wasu abokai huɗu daga birnin Atlanta, Lewis da Ed da Bobby da Drew, suka yanke shawarar bin wani kogi a tsaunukan arewacin jihar Jojiya cikin kwale-kwale biyu, kafin madatsar ruwa da ake ginawa ta haɗiye kwarin baki ɗaya. Lewis, wanda Burt Reynolds ya fito a matsayinsa, shi ne uban tafiyar, mai ji da ƙarfinsa da kwari da bakansa. A rana ta biyu wasu mutum biyu 'yan yankin suka tare Ed da Bobby a bakin ruwa da bindiga, ɗayansu ya yi wa Bobby fyaɗe, Lewis ya iso ya harbe shi da kibiya, na biyun ya tsere. Drew ya ce a kai gawar ga hukuma. Lewis ya ce duk kotun da za a je a wannan yanki dangin mamacin ne za su yanke hukunci, don haka a binne shi a yi shiru, ruwan dam zai rufe kabarin. Aka kaɗa ƙuri'a, uku suka rinjayi ɗaya. Daga nan Drew ya faɗa ruwa ya mutu, Lewis ya karye a cinya, Ed ya hau wani dutse cikin dare ya kashe wani mai bindiga da ya gani a samansa. Ukun da suka rage suka isa garin Aintry, suka shirya wa 'yan sanda ƙarya, suka koma gida.

Tun kafin a zubar da jinin kowa, kyamara ta riga ta yanke hukunci. Da 'yan birnin suka tsaya shan mai a ƙauyen farko, abin da aka nuna wa mai kallo shi ne ruɓaɓɓun motoci, bakuna marasa haƙora, tsohuwa da yarinya maras lafiya a cikin ɗaki mai duhu, da wani yaro a zaune a kan baranda yana kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da asalinsa ya je Amurka ne tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ɗan'uwan gurmi da molo. Drew ya ɗauko gitarsa suka yi ta gasa, kiɗan ya zama mafi shahara a fim ɗin. Yaron, Billy Redden, ɗan makaranta ne daga gundumar Rabun inda aka ɗauki fim ɗin. An zaɓe shi ne don siffar fuskarsa, aka ƙara masa kwalliyar da za ta sa ya yi kama da mai taɓin hankali, kuma bai iya kiɗan ba: wani makaɗi aka ɓoye a bayansa ya zuro hannu ta hannun rigarsa. Mutum biyun da suka yi aika-aikar kuwa ko suna ba a ba su ba. A jerin 'yan wasa an rubuta ɗaya "mutumin dutse", ɗayan "marar haƙori".

Masu kare fim ɗin suna da abin faɗa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Boorman ya bar alamu da yawa da ke tuhumar 'yan birnin. Bobby ne ya fara yi wa mutanen ƙauyen ba'a tun saukarsa daga mota. 'Yan'uwan nan biyu da aka yi jinga da su su kai motocin Aintry, waɗanda aka nuna kamar za su gudu da su, sun kai su lafiya lau. Mutumin da Ed ya kashe a kan dutse, babu tabbacin shi ne wanda ya tsere: Ed ya buɗe bakin gawar yana neman giɓi, ya tarar da haƙoran roba, shi kansa ya rasa ta cewa. Babu kuma tabbacin harbin Drew aka yi. Idan aka yi lissafi da idon basira, 'yan birni sun kashe mutum biyu tabbas, sun ɓoye gawa uku, sun yi wa hukuma ƙarya.

Sai dai ana auna fim da abin da ya bari a zukatan mutane, kuma abin da Deliverance ya bari sananne ne. A Amurka, kaɗa farkon wancan kiɗa na banjo ya zama habaici, ma'anarsa an shigo yankin da mutanensa ba mutane ba ne. Jihar Jojiya ta ci riba: gwamnanta na lokacin, Jimmy Carter, ya kafa ofishin jawo masu shirya fim a 1973, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa zuwa kogin Chattooga inda aka ɗauki yawancin hotunan, wasu ma suka nutse a ciki. Mutanen Rabun kuwa suka gaji tambarin da fiye da shekara 50 ba su goge shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alamun da Boorman ya warwatsa don wanke kansa sai mai kallo na biyu ko na uku yake lura da su, amma fuskar yaron baranda da bakin marar haƙori suna manne wa kowa tun kallon farko, kuma mai shirya fim da ya kai Boorman ƙwarewa ya san wanne ne zai fi zama.

Wannan ido da aka kalli Rabun da shi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mai mota da ya taso daga Kaduna ko Abuja za shi Kano, idan ya wuce Zariya ya nufi Tashar Yari, yana ratsa ɗaya daga cikin yankunan da suka fi kowane noma a Arewa. Raken Makarfi da mazarƙwailarta, tumatir da barkonon Kudan da Hunkuyi, masara da tumatirin Ikara, su ne suke cika kasuwannin da yake cefane. Amma a bakinsa duk abin da ke hagu da dama da kwalta "daji" ne. Idan taya ta fashe masa da almuru tsakanin garuruwa, mutumin da ya fito daga gona da fartanya ko adda a kafaɗa, abin da ya fara zuwa zuciyar matafiyin shi ne infoma. Harshe ma ya tanadi kayan aikin raini tun da daɗewa: baƙauye, bagidaje, ƙauyanci, ɗan daji. A da waɗannan kalmomi na dariya ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya gina sana'arsa a kan baƙauyen da ya shigo birni, kuma a yi masa adalci, sau da yawa baƙauyen nasa ne yake yi wa ɗan birni wayo. Tun da 'yan bindiga suka addabi Arewa maso Yamma, dariyar ta koma zargi, wanda ake yi wa kallon wawa ya koma wanda ake yi wa kallon maƙiyi.

Birni kan tuna da waɗannan ƙananan hukumomi ne idan miya ta yi tsada. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a arewacin Kaduna, har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Labarin da ya cika kafafen yaɗa labarai shi ne farashin kwando a Legas da Abuja. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya wayi gari gonarsa ta ƙone kamar an bi ta da wuta, ya zo ne a sakin layi na ƙarshe. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa tun farkon shekarun 1980 don kada amfanin manoma ya riƙa ruɓewa a bakin hanya, ya shafe mafi yawan rayuwarsa a rufe, kuma rufewar tasa ba ta taɓa tayar da hankalin kowa a birni kamar tsadar kwando ɗaya ba.

Bambancin ya fi muni idan ana maganar rai. A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe wasu aka kwashe wasu. Ƙasa ta san sunayensu da hotunansu da sana'o'insu, aka bi labarinsu wata bayan wata har aka sako na ƙarshe a watan Oktoba. Haka ya kamata, kowanensu ya cancanci hakan da fiye. A farkon Satumbar 2023 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara suka buɗe wa masu sallar isha'i wuta a masallaci, mutum bakwai suka rasu a harin. Labarin ya kwana biyu a jaridu a matsayin adadi, aka wuce. Matafiyi ɗan birni da daji ya ci yana da suna da iyali da tarihi, kamar Ed da Bobby. Wanda aka haifa a wurin, yake kwana a wurin, aka kashe shi a kan sallaya, sai a lissafa shi da lamba.

Za a ce, to, 'yan bindigar ƙarya ne? Dazukan Birnin Gwari da Kamuku ba su zama sansani ba? Dajin Falgore da ke gabas da Ikara, a cikin jihar Kano, bai yi suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya ba? Babu masu kai rahoto a cikin ƙauyuka? Duk akwai, kuma tsoron matafiyi halal ne. Wanda aka taɓa ɗaure ɗan'uwansa a daji aka sayar da gida aka fanso shi, ba a yi masa wa'azin kyautata zato. Amma tsoro daban, hukunci daban. Mutanen da suka fi kowa ɗanɗana azabar 'yan bindiga su ne mazauna bakin dajin: su ake sa wa harajin noma, su ake kora daga gona ana dab da girbi, matansu ake ɗauka, masallatansu ake shiga. Matafiyi yana ratsa haɗarin na awa ɗaya da gilashi a rufe, su kuwa a cikinsa suke renon 'ya'yansu. Wanda ya haɗa su da masu kashe su a kalma ɗaya ya zalunce su sau biyu.

Kuma hukuncin ba ya tsayawa a baki. Hujjar Lewis a bakin kogi tana da ƙafa uku: waɗannan mutane duk ɗaya ne, doka ba za ta yi aiki a nan ba, saboda haka mai makami ya yanke hukunci da kansa. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya hango taron mutane a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, ya sakar masu bam. Masu Mauludi ne. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Kuskuren yana da uwa. Taron dare a wata unguwa ta Kaduna ko Zariya, ko daga sama aka hango shi, za a fara tunanin biki ko wa'azi. Taron dare a ƙauyen da ke gefen daji, abin da aka fara kawowa shi ne 'yan ta'adda. Kamar Ed a kan dutse, sai bayan an harba aka je duba fuskar wanda aka kashe.

Bahaushen birni da yake ganin wannan ido ba zai taɓa juyowa kansa ba, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A ƙarshen Maris 2025, ana saura kwanaki kaɗan Ƙaramar Sallah, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga jihar Ribas za su gida, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano. Aka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16, aka ƙone su. A sama-sama labarin ya yi kama da na fim ɗin, matafiya sun faɗa hannun 'yan gari. Amma a zukatan waɗanda suka yi kisan, su ne Lewis. Yankinsu ya sha fama da satar mutane, sun ga baƙin fuskoki da bindiga da wani harshe, suka ce ga mutanen dajin nan, suka ce kai su ga hukuma ɓata lokaci ne. Ga wanda ke Uromi, tsakanin mafaraucin Bunkure da ɗan bindigar Zamfara da ɗan kasuwar Kwari babu wani bambanci.

Rainin tsani ne, kowa yana taka na ƙasa da shi. Na Kudu yana kallon Arewa duka a matsayin daji. Na Kaduna da Kano yana kallon Makarfi da Ikara haka. Na cikin garin Makarfi yana kallon na Gazara ko Gubuchi haka, shi kuma manomin ƙauye ya juya ya kalli rugar da ke bayan gonarsa. A nan ne mutanen wannan yanki suke da nasu laifin, kuma laifi tudu ne. Bafulatanin da kakansa ya yi kiwo a fadamun Kudan, wanda matarsa ke kawo nono kasuwa duk mako, wanda shi ma an kore masa shanu, yanzu a bakin mutane da yawa sunansa ɗaya da ɗan bindiga. Zamfara ta riga ta gwada inda wannan hanya take kaiwa: 'yan sa-kai suka riƙa kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba shari'a, waɗanda aka kashe wa iyaye suka shiga daji, gobarar ta ci kowa. Arewacin Zazzau bai kai can ba, kuma abin da ya rage tsakaninsa da can shi ne mutanen da har yanzu suka san maƙwabcinsu na ruga da sunansa da sunan ubansa.

Akwai wani mai kisa a Deliverance da ba a cika ambata ba, domin ba shi da fuskar ban tsoro. Dam ɗin da aka buɗe fim ɗin da shi, wanda zai ba Atlanta wutar lantarki, shi ne zai shafe garin Aintry da gonakinsa da kogin kansa. A kusa da ƙarshe an nuna ana jan coci a kan tirela, ana tone kaburbura ana kwashe ƙasusuwa. Wannan ɓangare ba ƙage ba ne gaba ɗaya, domin a daidai lokacin kamfanin Duke Power yana gina dam ɗin Jocassee a jihar Karolina ta Kudu, maƙwabciyar wurin, kuma maƙabartar da aka nuna ta gaskiya ce da ake tayarwa. Fim ɗin ya ba mugunta ta mutum biyu minti goma na firgici da ba a mantawa, ya ba shafe al'umma guda 'yan daƙiƙoƙi ta tagar mota.

A shekarun da ake wannan a Amurka, gwamnatin Audu Bako tana gina dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, ba nisa da iyakar Ikara, aka gama shi a 1974. Ya shayar da birnin Kano, ya raya noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, amma an tashi ƙauyuka kafin ruwa ya kwanta, kuma fadamun Haɗeja da Nguru da ke can ƙasa sun ƙanƙance. A Bakolori kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki saboda dam suka tare hanyoyi suna neman diyya, a Afrilun 1980 aka tura masu 'yan sandan kwantar da tarzoma aka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Waɗanda suka tsara waɗannan ayyuka suna da digiri da taswira da cikakkun haƙora, kuma babu wani kiɗa da ake kaɗawa don a tsorata yara da su.

A ƙarshen fim ɗin wani mataimakin shugaban 'yan sandan Aintry ya ƙi yarda da labarin 'yan birnin. Surukinsa ya tafi farauta bai dawo ba, don haka mataimakin ya nemi a tsare su. Shugaban nasa, wanda marubucin littafin James Dickey da kansa ya fito a matsayinsa, ya ce babu hujjar da za a riƙe su da ita, ya sallame su da gargaɗin kada su sake dawowa. Kyamara ta bi Ed zuwa Atlanta, ga matarsa ga ɗansa, ta tsaya a kansa yana firgita cikin barci saboda ya yi mafarkin hannun gawa ya ɓullo daga ruwan dam. Gidan da ake jiran mafaraucin da bai dawo ba, ba a shiga da kyamara ba.